Idan winci ya ƙi ja: Abin da ya kamata ku sani kan gano matsalar wuta a akwatin solonoid

Duk direban da ke bin hanyar da ba kwalta ya san irin wannan rana. Mota ta kafe a laka ko ta nutse a rairayi, an ja igiyar winci an ɗaure a gindin bishiya, an danna rimot, sai a ji "ƙas" sau ɗaya, igiya ko motsi ba ta yi ba. Nan take sai wani ya ce solonoid ya ƙone. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa solonoid ɗin lafiyarsa ƙalau, laifin na batir ne da ya yi sanyi, ko kan waya da ya yi tsatsa, ko noti guda da ya kwance. Wanda ya iya bin wuta daki-daki, daga batir har zuwa moto, zai gano inda ta tsaya kafin ya kashe ko sisi. Ga yadda abin yake.

Mene ne winci, kuma mene ne solonoid?

Winci na'urar ja ce da ake ɗaurawa a gaban mota. Yana da moto, wato injin lantarki, da giya da ke ƙara masa ƙarfi, da ganga wadda igiyar ƙarfe ko ta roba mai ƙarfi ke naɗuwa a kanta. Idan mota ta kafe, sai a ɗaure igiyar a wani abu mai ƙarfi, ganga ta naɗe ta, mota ta ja kanta ta fito. Kamfanin Warn na Amurka ya fitar da irin wannan winci don ƙananan motocin daji a 1959, kuma har yau tsarin wutarsa bai canza sosai ba.

Ana rubuta ƙarfin winci a jikinsa da fam. Mai lamba 9,500 yana jan kusan kilo 4,300, mai 12,000 kuma kusan kilo 5,400. Irin wannan aiki yana cin wuta sosai. Ana auna yawan wutar da ke gudana a waya da amfiya. Winci yana cin amfiya 60 zuwa 80 idan yana juyawa ba kaya, amma idan yana jan mota da dukkan ƙarfinsa yakan wuce 400. Da za a bi da wannan wuta ta cikin rimot ɗin da ke hannunku, da nan take ya narke.

Wannan ne dalilin solonoid. Makunni ne na maganaɗisu. Ku ɗauke shi kamar mai gadin babbar ƙofa: rimot yana aika masa ɗan saƙo ta siririyar waya, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya ta wuce zuwa moto.

Yaya yake aiki?

A cikin solonoid akwai kwayil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe zagaye da yawa. Idan wuta ta shiga kwayil sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan sandan ƙarfe. Sandan ya tura faifan jan ƙarfe ya haɗe ƙusoshi biyu masu kauri, wuta ta ƙetare. Wannan fizgar ce kuke ji "ƙas". Da kun saki maɓalli, sifirin ya mayar da faifan, wuta ta yanke.

Moton manyan winci yana da ƙusoshi uku a jikinsa, an rubuta musu A da F1 da F2, sai ta huɗu inda baƙar waya ke komawa batir. A tana kai wuta ga amecha, wato ɓangaren da ke juyawa. F1 da F2 kuma bakuna biyu ne na kwayil ɗin da ke kewaye da amecha. Idan za a naɗe igiya, wuta tana shiga ta ɗaya daga cikin F ɗin, ta fita ta ɗayar, ta wuce A, ta bi ta amecha, ta koma batir. Idan za a saki igiya, sai a juya hanyar: ƙofar fita ta zama ta shiga. Ke nan kowane ɓangare, ja ko saki, sai mahaɗa biyu sun haɗu kafin moto ya juya.

Akwatunan da solonoid ke zama a ciki iri uku ne. Tsohon yayi yana da solonoid huɗu, biyu na ja, biyu na saki. Akwai mai guda biyu. Sabon yayi kuma dunƙule ɗaya ne a rufe, ana kiransa kontakta, kuma na kamfanin Albright na Ingila ya fi suna. Ƙananan winci na babura masu ƙafa huɗu ƙusoshi biyu kawai motonsu ke da su, ana juya musu wuta ne kai tsaye.

Su wa abin ya shafa?

Duk mai mota da winci a gabanta: direbobin Land Cruiser da Hilux na ƙungiyoyin agaji da na ma'aikatan lafiya da ke shiga ƙauyuka da damina, masu aikin hanya da haƙar rijiyar burtsatse, masu bin rairayin hanyar Agadas zuwa Bilma ko yankin Tafkin Chadi, da masu motar janwe da ke ɗauko motocin da suka lalace. Haka kuma ya shafi rewaya, mai gyaran wayarin mota, wanda za a kawo wa aikin.

Akwai abin da ya bambanta winci da sauran kayan mota. Sitata, mai tayar da inji, kullum ana amfani da ita, da ta fara rauni za a sani. Winci kuwa yakan yi wata shida ba a taɓa shi ba, yana gaban mota yana shan ruwa da laka da ƙura da zafin rana. Ranar da aka neme shi, a ranar ake gane ya daɗe da lalacewa.

Me ke lalata shi?

Na farko ruwa. Idan an ƙetare rafi ko an wanke mota da injin feshi, ruwa yakan shiga akwati ya zauna. Jan ƙarfe ya yi kore, ƙarfe ya yi tsatsa, sandan da ke cikin solonoid ya maƙale.

Na biyu girgiza. Hanya mai gargada tana kwance noti sannu a hankali, tana kuma goga waya a jikin ƙarfe har rigarta ta huje.

Na uku tartsatsi. Duk lokacin da faifan ya haɗu ko ya rabu ana cikin ja, wuta tana tartsatsi a wurin, tana cin jan ƙarfen kaɗan-kaɗan har ya yi baƙi da ramuka. Mai danna maɓalli yana saki yana dannawa da sauri yana gaggauta wannan.

Na huɗu, wanda mutane ba su cika zarginsa ba, shi ne raunin batir. Idan wuta ta yi ƙasa, maganaɗisun ba ya danne faifan da ƙarfi, tartsatsi ya ƙaru, wurin ya yi zafi har ƙarfen ya narke ya manne. Sau da yawa batir ne ke kashe solonoid. Idan aka sa sabo ba a duba batir ba, shi ma hanyar zai bi.

Me za ku yi kafin ku taɓa komai?

Galibin winci ba su da fis, domin wutar da suke ci ta fi ƙarfin fis ɗin mota. Jar wayar tana tahowa ne kai tsaye daga batir. Idan sifana ta haɗa ƙusa mai wuta da jikin mota, za ta yi ja cikin ƙiftawar ido. Saboda haka:

Ku cire zobe da agogon ƙarfe da sarƙa. Ku saki igiya kada ta kasance da nauyi a kanta, sannan ku juya hannun kuloci na winci zuwa inda ganga ke juyawa a sake, ta yadda ko moto ya tashi ba zai ja komai ba. Kafin ku kwance kowace waya, ku cire baƙin kan batir, mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Ku ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu, ku kuma manna wa kowace takarda da sunanta. Kada a kunna taba ko a yi tartsatsi kusa da batir, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta. Kada kowa ya sa hannu kusa da ganga lokacin gwaji.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta, fitilar gwaji, sifanu biyu, burushin ƙarfe, sanfefa, 'yar guntuwar waya, da wayoyin jona batir.

Me kunnenku zai gaya muku?

Kafin mita, ku saurara. Ku sa wani ya danna rimot, ku kuma ku kasa kunne a akwati, ku gwada ja, ku gwada saki.

Idan shiru ne gaba ɗaya, saƙo bai isa ga kwayil ba. Ku zargi rimot, ko soket ɗinsa, ko ƙananan wayoyi, ko makunnin yanke wuta idan an sa shi.

Idan an ji "ƙas" amma moto bai juya ba, saƙo ya isa. Matsalar tana hanyar babbar wuta: batir, manyan wayoyi, faifan solonoid, ko moto.

Idan an ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, wuta ce ba ta isa. Solonoid ya haɗa, moto ya zuƙe ɗan abin da ke akwai, kwayil ya rasa ƙarfi ya saki, wuta ta dawo, ya sake haɗawa. Kusan kullum laifin batir ne ko kan waya.

Idan yana aiki a ɓangare ɗaya kawai, wannan labari ne mai daɗi, domin ya nuna batir da moto da baƙar waya duk suna aiki. Saura rimot da solonoid.

Idan yana juyawa amma ba ƙarfi, kuma wata waya tana zafi, akwai mahaɗar da ke tauye wuta.

Daga ina ake fara gwaji?

Daga batir. Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt. Ku sa mita a ma'aunin wutar batir, a lamba 20, ku ɗora jan tsinkenta a kan batir mai alamar tarawa, baƙi a kan mai alamar ragi. Batir mai cikakken caji, idan mota a kashe take kuma ta huta, zai nuna kusan 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin caji ne. Idan ƙasa da 12 ne, ku yi masa caji kafin ku ci gaba. Ku tayar da mota: ya kamata ya hau zuwa 13.8 ko 14.4. In bai hau ba, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ba ta aikinta.

Sai ku bar tsinken a wurin a danna rimot. Idan lamba ta faɗi ƙasa da 10 alhali winci ba ya jan komai, batir ya gaji, ko kuma moto ya cije.

Wataƙila ku ce ai batirin yana tayar da mota. Tayar da mota aikin daƙiƙa biyu ne ko uku. Winci kuwa yakan ja na minti guda ko fiye, kuma altanetar galibin waɗannan motoci ba ta ba da ko rabin abin da yake ci a babban ja. Batir ne ke cike giɓin. Shi ya sa ake son batir mai lambar CCA 650 ko sama, wadda ke nuna ƙarfinsa na ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya, kuma ake barin inji a kunne lokacin ja.

Me ya sa mita ke nuna 12 amma winci ba ya motsi?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mita ba ta cin wuta. Ko da silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, za ta nuna 12. Amma amfiya 300 ba za su bi ta sili ɗaya ba. Don haka gwajin gaskiya shi ne wanda ake yi lokacin da ake danne da maɓalli.

Ga yadda ake yi. Ku ɗora jan tsinke a kan dalmar batir ta tarawa, a kan dalmar kanta ba a kan maƙalin ba. Ku ɗora baƙin tsinke a ƙusar akwati inda jar waya ta sauka. A danna rimot. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Waya mai lafiya ba za ta ɓatar da fiye da rabin bolt ba. Ku yi haka ga baƙar waya: tsinke ɗaya a jikin moto, ɗaya a dalmar ragi. Idan kuka ga bolt 2 ko 3, ko ma 12, kun kama ɓarawon. Sai ku riƙa matso da tsinken kusa, mahaɗa bayan mahaɗa, har ku gane ainihin wurin.

Wutar da ta ɓace zafi take zama. Bolt ɗaya da ya ɓace a wurin da amfiya 300 ke wucewa ya zama wat 300 na zafi a kan noti guda. Shi ya sa za ku ga robar da ke rufe ƙusar ta narke, ko rigar wayar ta yi tauri ta canza launi. Bayan ɗan gwaji, ku kusantar da bayan hannu ga kowace mahaɗa. Wadda ta fi sauran zafi ita ce mai laifi.

Ku kula da baƙar waya musamman. Dole ta taso daga jikin moto ta tafi har batir. Wasu masu ɗaurawa sukan maƙala ta a jikin bamba don tsimin waya, fenti da tsatsa su tare hanya. Akwai kuma wata siririyar baƙar waya da ke fitowa daga akwati zuwa ƙusar jikin moto. Ita ce hanyar komawar wutar kwayil. Idan ta tsinke, akwatin zai yi tsit kamar ya mutu, alhali ba abin da ya same shi.

Yaya ake gane laifin rimot ne?

Idan kuna da rimot biyu, mai waya da marar waya, ku gwada ɗayan. Idan ya yi aiki, magana ta ƙare. Marar waya yana da ƙaramin batir a cikinsa da ke ƙarewa, kuma da yawansu sukan kashe kansu bayan 'yan mintuna, sai an sake kunnawa.

Mai waya yakan tsinke ne ta ciki a wurare biyu: gindin filogi da gindin mariƙi, inda ya fi lanƙwasa. Ku danne maɓalli ku riƙa lanƙwasa wayar a hankali. Idan winci ya tashi ya tsaya, ga wurin nan.

Ku leƙa soket da tocila. Ƙurar hunturu da laka sukan cika ramukan, ƙusoshin su yi kore. A soket mai rami uku, ɗaya ne ke da wuta kullum, ɗaya na ja, ɗaya na saki. Fitilar gwaji za ta nuna muku mai wutar. Idan kuka haɗa shi da ɗaya daga cikin biyun da guntuwar waya na daƙiƙa guda, aka ji "ƙas" moto ya juya, to rimot ne ya lalace. Idan soket ɗin mai rami biyar ne, kada ku yi canke. Ku duba zanen wayarin da ke cikin littafin wincin, domin haɗa ramin da ba shi ba yana ƙona wayoyi.

Yaya ake gwada solonoid ɗin kansa?

Ku bi wuta yadda take tafiya. Baƙin tsinke ya zauna a dalmar ragi. A danne maɓallin ɓangaren da ya ƙi aiki, ku taɓa F1 da F2 da A da jan tsinke ɗaya bayan ɗaya.

Idan an ji "ƙas" amma F1 da F2 duk ba wuta, mahaɗar da ke shigo da wuta daga batir ce ta ƙone, ko wayar da ta taso daga gare ta. Idan ɗaya F tana da wuta ɗayar babu, kwayil ɗin moto ya tsinke. Idan dukansu biyu suna da wuta amma A babu, mahaɗa ta biyu ce ko wayar A. Idan duka ukun suna da wuta kuma moto bai juya ba, solonoid ya fita daga zargi: ku koma ga moto da baƙar wayarsa.

A akwati mai solonoid biyu da kuma kontakta akwai abin da ke yaudarar mutane. Kowane rabi yana da mahaɗar da ke haɗe tun yana hutawa, kuma ta nan wuta ke wucewa zuwa A idan ɗan'uwansa ne ke aiki. Ke nan winci zai iya ƙin ja, a ji rabin ja yana "ƙas" da kyau, alhali laifin yana rabin saki wanda bai ko motsa ba.

Idan ba a jin "ƙas" ko kaɗan, ku auna ƙananan ƙusoshin solonoid lokacin da ake danna rimot. In wuta ta iso amma bai motsa ba, kwayil ya ƙone ko sanda ya maƙale. Ku cire batir, ku juya mita zuwa ma'aunin om, wanda ke nuna ko hanya a haɗe take, ku auna kwayil ɗin ku kwatanta da na ɗan'uwansa. Ya kamata lambobin su yi kusa. Wanda ya nuna hanya a yanke ya ƙone.

Ta yaya za ku tabbatar ba moto ba ne?

Akwai gwajin da ke tsallake akwati gaba ɗaya. Ku tabbata kuloci a sake yake. Ku cire batir, ku kwance wayoyin A da F1 da F2 daga jikin moto, ku naɗe bakunansu kada su taɓa ƙarfe, ku bar baƙar waya a wurinta, ku mayar da batir. Ku haɗa A da F1 da waya mai kauri. Ku ɗauko wuta daga kan tarawa da wayar jona batir, ku taɓa F2 na daƙiƙa biyu. Moto zai juya. Sai ku haɗa A da F2, ku taɓa F1. Zai juya ta ɗaya ɓangaren. Ku taɓa kan noti, kada ku taɓa zaren ƙusa, domin tartsatsi yana ɓata zare.

Idan ya juya ta ɓangarorin biyu, moto lafiya yake. In ya ƙi, galibi burushi ne, wato gawayin da ke gogar amecha, ya cinye ko ya maƙale saboda ruwa.

Wajen kwance waɗannan notuna ku yi amfani da sifanu biyu. Kowace ƙusa tana da noti na ƙasa da na sama. Ku riƙe na ƙasa, ku juya na sama. In kuka bari ƙusar ta juya, za ta tsinke wayar da ke haɗe da ita ta ciki, ƙaramin aiki ya koma babba.

Idan winci ya ƙi tsayawa fa?

Wannan ita ce matsala mafi haɗari: an saki maɓalli amma igiya na ci gaba da naɗuwa. Kowa ya ja baya daga igiya. Ku zare filogin rimot. Idan ya tsaya, maɓalli ne ya maƙale ko ruwa ya shiga. Idan bai tsaya ba, faifan solonoid ya manne, sai a yanke wuta daga tushe. Kada ku yi ƙoƙarin juya kuloci alhali igiya na ɗauke da nauyi.

Saboda irin wannan rana ake sa makunnin yanke wuta a kan jar waya kusa da batir, wanda aka yi shi don ɗaukar amfiya ɗaruruwa. Murɗawa ɗaya ta wadatar, ba sai an tsaya neman sifana ba. Solonoid da ya taɓa mannewa, ko da an ƙwanƙwasa ya saki, a canza shi. Zai sake.

Akwai dabarar fita idan abin ya faru a daji?

Akwai, idan ɓangaren ja ne kaɗai ya mutu kuma na saki yana aiki. Ku cire batir, ku musanya wayoyin F1 da F2 a jikin moto, ku mayar da batir. Yanzu maɓallin saki shi zai riƙa naɗe igiya. Warware igiya kuma sai a yi da hannu, kuloci a sake. Ku sanar da duk wanda ke wurin cewa maɓallan sun juye, ku kuma tuna ba za ku iya sassauta igiya da rimot ba, sai dai mota ta matsa gaba. Da kun isa gari ku mayar da wayoyin yadda suke, a yi gyara na gaskiya.

Nawa gyaran zai ci?

Ya danganta da inda laifin yake. Goge kan batir da ƙusoshi da ɗaure noti ba sa cin komai sai lokaci. Batirin rimot da kan waya sabo kuɗinsu kaɗan ne. Daga nan sai rimot, sai solonoid ko kontakta, sai manyan wayoyi, sai batirin mota. Moto ya fi su duka tsada, ko da yake sau da yawa canza burushi ya isa. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala, kuma kontakta na asali yakan ninka na kwaikwayo sau da yawa. Ana neman irin waɗannan kaya a kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas.

Ku tafi da tsohon a hannu. Ku duba abu uku. Na ɗaya bolt: 12 ne ko 24, domin manyan motoci da wasu Land Cruiser masu dizal 24 suke amfani da shi. Na biyu yawan amfiyar da aka rubuta, kada ya gaza abin da wincinku ke ci. Na uku lambar kariya: IP67 tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Kada a ba ku solonoid na sitata a ce duk ɗaya ne, domin wayarinsu na ciki yakan bambanta. A akwati mai guda huɗu, idan ɗaya ya ƙone saboda tsufa, sauran ma sun sha irin wahalar da ya sha. Mutane da yawa sukan cire su duka su sa kontakta guda. Wayoyi kuma su zama na jan ƙarfe zalla masu kaurin na asali, wanda a manyan winci yakan kai murabba'in milimita 35.

Yaya za ku kauce wa matsalar tun farko?

Sau ɗaya a wata, ku warware igiya 'yan mitoci ku naɗe ta da moto. Wannan yana motsa sandan solonoid, yana kuma ɗumama moto ya kori damshi. Bayan kowace ƙetarar ruwa ku buɗe akwati ku bar shi ya bushe. Ku goge mahaɗu har su yi ƙyalli, ku ɗaure, sannan ku shafa giris a sama. Ku rufe soket da murfinsa. Ku bi jar waya da ido daga batir zuwa akwati, duk inda take gogar ƙarfe ku sa mata riga ku ɗaure ta. Idan akwatin yana ƙasa sosai, ana iya mayar da shi cikin bonet, inda ruwa bai cika kaiwa ba.

Lokacin ja, ku bar inji a kunne, ku ja a natse, ku riƙa hutar da winci. Idan moto ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kansa ba, ku dakata ya huce. Ku tabbata ƙarfin wincin ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi: mota mai kilo 3,000 tana buƙatar mai jan kilo 4,500. Winci da ya yi wa mota ƙanƙanta kullum a iyakar ƙarfinsa yake aiki, solonoid kuma shi ke fara biyan bashin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin damina ta kankama, ku ware rabin sa'a a gida ku gwada wincinku ta ɓangarorin biyu, ku auna batir, ku ɗaure notuna, sannan ku ajiye mita da sifanu biyu da rimot mai waya a cikin mota.